Yadda ake shirya tambayoyin da za ka yi wa masu intabiyu in kana neman canjin muƙami a ma'aikatarku

A ƙarshen kowace intabiyu akwai lokacin da shugaban kwamiti zai ajiye biro, ya ɗago kai, ya ce: "To, mu mun gama namu. Ko kana da abin da za ka tambaye mu?" Minti biyar ne, in an yi maka kara a ba ka goma. Wanda ya zo daga waje yakan yi wa wannan wurin shiri, don ya san baƙo ne. Ɗan gida shi ke zuwa hannu rabbana, wai shi ya san ko'ina.

Ni ma haka na yi a karon farko. Na shekara huɗu a sashena, gurbi ya fito a wani sashen, na nema, aka kira ni. Da aka zo wurin tambaya na yi murmushi na ce, "Ranki ya daɗe, ai ni ɗan gida ne, babu abin da ya shige mini duhu." Aka ba ni aikin. Sai da na yi wata biyu a kujerar na gane aikin mutum biyu ne aka haɗe wuri ɗaya ba a ƙara ko mataimaki ba, kuma tsohon sashena bai sake ni ba, kullum ana kirana in zo in ƙarasa wani abu. Da tambaya biyu da na ji duk wannan tun a ɗakin. Daga baya na sake neman canji sau uku, na kuma zauna a ɗaya gefen teburin cikin masu tantancewa sau da dama. Abin da ke ƙasa shi ne yadda nake yi yanzu, kuma shi nake koya wa duk wanda ya zo neman shawara.

Abu ɗaya ka riƙe tun daga farko. Na waje in bai samu aikin ba ya tafi ke nan, ba za a sake ganinsa ba. Kai ko ka samu ko ba ka samu ba, ranar Litinin za ku haɗu da mutanen nan a bakin ƙofa. Wannan shi ke raba tambayarka da tasa.

Kayan aiki

- Sanarwar gurbin, a buge a takarda. A waya ba za ka iya yi mata zane da rubutu a gefe ba.
- Kundin dokokin ma'aikata, musamman babin canjin wuri da ƙarin girma.
- Jadawalin muƙamai, wato wanda ke nuna wa ke ƙarƙashin wa.
- Takardun auna ƙwazonka na shekara biyun da suka wuce.
- Duk wani rahoto ko sanarwa da sashen da kake nema ya fitar a 'yan watannin nan.
- Ƙaramin littafi naka na kanka, da biro, da kati ɗaya da zai shiga aljihu.
- Kwana biyar zuwa bakwai kafin ranar intabiyu.
- Mutum ɗaya mai riƙe sirri da zai saurare ka.

In ma'aikatarku ƙarama ce ba ta da kundin dokoki, takardar ɗaukarka aiki za ta tsaya a madadinsa, sauran kuma ka tambayi wanda ke kula da harkar ma'aikata. In babu jadawalin muƙamai, zana naka: rubuta sunan kujerar a tsakiyar shafi, ka ja layi sama zuwa wanda za ka riƙa kai wa rahoto, ka ja ƙasa zuwa waɗanda za su riƙa kawo maka. Duk inda biro ya tsaya ka rasa inda za ka ja layi, to ka samu tambaya ke nan. In kuma gurbin ba a fitar masa da sanarwa ba, kira kawai aka yi aka ce ka zo a tattauna, roƙi wanda ya kira ka ya turo maka ko layi biyar ne na abin da aikin ya ƙunsa.

Na ce littafi naka na kanka da gangan. Kada ka rubuta wannan shirin a kwamfutar ofis ko ka tura wa kanka ta imel ɗin aiki. Na taɓa ganin wani ya buga jerin tambayoyinsa a na'urar buga takardu ta kowa da kowa, waya ta ɗauke masa hankali, ya manta da takardar a can. A layin farko ya rubuta, "Shin gaskiya ne shugaban sashen ba ya jituwa da mataimakinsa?" Kafin la'asar babu wanda bai karanta ba.

Mataki na 1: Tantance irin canjin da kake nema

Ƙarin girma daban, komawa wani sashe a mataki ɗaya daban, riƙon ƙwarya daban, aron ma'aikaci na wani lokaci daban. Kowanne da abin da ya fi muhimmanci a tambaya. Mai neman ƙarin girma ya damu da iko da mutanen da zai jagoranta. Mai komawa gefe ya damu da abin da zai koya da inda hanyar ta nufa. Mai riƙon ƙwarya da wanda aka ara kuwa babbar tambayarsu ita ce: in wa'adin ya cika, ina zan koma? Rubuta naka a saman shafin farko, ka ƙara layi ɗaya na dalilin da ya sa kake son tashi daga inda kake. Faɗa wa kanka gaskiya a wannan layin, ba wanda zai gani. In gudun shugabanka kake yi, to tambayoyinka su fi karkata kan yadda sabon shugaban ke tafiyar da mutane, kada a gudu ba a tsira ba.

Mataki na 2: Karanta sanarwar da biro a hannu

Karanta ta sau ɗaya a tsanake, sannan ka dawo layi-layi kana sa alama iri uku. Abin da ka fahimta sarai kuma ka taɓa yi, sa masa maki. Abin da aka faɗa a dunƙule, ja masa layi. Abin da ya kamata a ce yana ciki amma babu shi, rubuta shi a gefe.

Kalmomin da aka ja wa layi su ne ma'adanar tambayoyi. Misali, sanarwa ta ce mai kujerar zai "taimaka wajen tsara kasafin kuɗin sashe". Taimako wane iri? Shi zai tattara alƙaluma ya miƙa, ko da shi za a zauna a yanke abin da za a kashe? Ta ce zai "yi aiki kafaɗa da kafaɗa da sauran sassa". Waɗanne? In saɓani ya taso, maganar wa ke zama ta ƙarshe? Ta ce "da sauran ayyukan da za a ba shi". Wannan jimlar ita ta cinye ni a karon farko, don a cikinta aka ɓoye aikin mutum na biyu.

Abubuwan da aka fi barin su a waje su ne yawan mutanen da ke ƙarƙashin kujerar, yawan tafiye-tafiye, da ranar da ake so a fara. Duba ko suna nan.

Mataki na 3: Share tambayoyin da ɗan gida bai kamata ya yi ba

In baƙo ya tambayi abin da sashen ke yi, an yafe masa. In kai ka tambaya, masu tantancewa za su kalli juna, don sun san shekararka nawa a gidan. Duk abin da amsarsa ke cikin kundi, ko a shafin ma'aikata na intanet, ko a sanarwar da aka liƙa a allo, nemo shi da kanka kafin ranar.

Akwai kuma tambayoyin ƙa'ida da wurinsu shi ne sashen kula da ma'aikata, kuma tun kafin intabiyu. Wurare da yawa suna da sharaɗin sai ka yi wani lokaci a kujerarka, sau da yawa wata shida ko shekara ɗaya, kafin ka nemi wata. Wasu sai shugabanka ya sa hannu. Wasu suna mayar da wanda ya canza muƙami lokacin gwaji, yawanci wata uku zuwa shida, kamar sabon ɗauka. Je ka tambaya: akwai gwaji? In ban haye ba, tsohuwar kujerata tana nan ko an cike ta? Matakin albashin kujerar wanne ne? Bayan na koma, sai na yi tsawon wane lokaci kafin in iya neman wani gurbin? Minti goma a ofishin nan zai sauke maka tambayoyi huɗu ko biyar da za su cinye ɗan lokacinka a gaban kwamiti.

Mataki na 4: Ji daga bakin na ciki

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nemi mutum biyu: wanda ya taɓa riƙe kujerar ko ya yi aiki kusa da ita, da wanda ke wani sashe amma aikinsa ya dogara da wannan sashen. Na biyun mutane ke mantawa da shi, alhali shi ya fi faɗin gaskiya, don shi ke jiran takardar da ba ta zuwa kan lokaci.

Kada ka tsawaita. Tambaye su abin da ya fi cin lokaci a aikin, lokacin da ya fi zafi a shekara, da abin da suka so a ce sun sani kafin su fara. Saurara, ka yi godiya, ka tashi. Kada ka ce komai game da shugabanka na yanzu, ko da an ja ka da hira. Magana zarar bunu ce, a ofis kuma ba ta kwana inda aka yi ta.

Wannan ya kawo mu kan shugabanka. Shawarata ita ce ka sanar da shi da bakinka kafin ka fara zagayen nan. Ya ji daga wurinka ya fi ya ji a wurin taro, kuma a mafi yawan wurare sabon sashen zai tuntuɓe shi ko ka so ko ka ƙi. In tsakaninku babu daɗi har kana tsoron ya yi maka ƙafar ungulu, fara zuwa sashen kula da ma'aikata ka tambayi a wane mataki ake sanar da shugaban mai nema, sai ka riga su da kwana ɗaya.

In wanda ya bar kujerar ya bar ma'aikatar gaba ɗaya kuma ba ka da hanyar samunsa, duba abin da ya bari: rahotanninsa, saƙonnin da ya saba aiko wa sashenku, irin abubuwan da yake yawan neman a ɗaga masa wa'adi a kansu. Takarda ma tana magana.

Mataki na 5: San waɗanda za su zauna

Tambayi wanda ya aiko maka da gayyata su wa ke cikin kwamitin. Ba laifi ba ne, kuma yawanci za a faɗa maka. Galibi za ka tarar da shugaban sashen da ke neman mutum, da wakilin sashen kula da ma'aikata, da wani daga wani sashe ko wani babba. Rubuta sunan kowa a shafinsa. Tambayar aikin yau da kullum ta shugaban sashe ce. Tambayar horo da tsarin miƙa aiki ta wakilin ma'aikata ce. Babban da ya zo daga sama kuwa, shi za ka tambaya inda sashen ya dosa nan da shekara biyu. In ka jefa wa mutum tambayar da ba huruminsa ba, ka sa shi a kwana, kuma amsar da za ka samu ba ta da amfani.

Mataki na 6: Rubuta tambayoyin

Nan ne aikin yake, don haka ba shi yini guda. Fara da rubuta duk abin da ke ranka yadda ya zo, ko da ashirin ne, ko da wasu ba su faɗuwa a gaban mutane. Bayan nan sai ka sassaƙa.

Tambayar ɗan gida tana da ƙafa biyu: abin da ka lura da shi, sannan abin da kake son sani. Ƙafar farko ce ke nuna idonka a buɗe yake duk shekarun nan, kuma ita ce na waje ba zai taɓa iya kawowa ba. Dubi bambancin. Wani zai ce, "Waɗanne ƙalubale sashen ke fuskanta?" Wannan kowa na iya yin ta, amsarta ma kowa ya haddace. Kai kuma ka ce: "Ranka ya daɗe, daga inda nake zaune na lura duk ƙarshen wata buƙatun da ke zuwa muku daga sassa suna taruwa lokaci guda. Mai wannan kujerar ana so ya gyara yadda suke shigowa ne, ko dai ya tabbatar an fitar da su kan lokaci?" Ba ka zargi kowa ba, ka nuna ka san wurin, kuma duk amsar da aka ba ka za ta gaya maka girman kujerar.

Ga wuraren da nake so tambayoyina su taɓa, ba lallai duka ba.

Abin da aka gada. Na waje yakan tambayi dalilin da ya sa kujerar ta zama babu kowa. Kai ka riga ka san wanda ya tashi, wataƙila har da dalili, don haka kada ka yi kamar ba ka sani ba. Ce: "Cikin abin da wanda ya riƙe kujerar nan ya bari, me kuke so a ci gaba da shi yadda yake, me kuma kuke so a sauya?" In kujerar sabuwa ce, tambayi wa ke yin aikin a yanzu, da abin da ya sa aka ga ya kamata a ware masa mutum.

Ma'aunin nasara. Wannan ita ce tambayar da ba na shiga ɗaki ba tare da ita ba: "Ranki ya daɗe, bayan wata shida, me za ku gani ku ce lallai ba mu yi zaɓen tumun dare ba?" Shugaban da ya san abin da yake nema zai lissafa maka abu biyu ko uku nan take. Wanda bai sani ba zai yi ta zagaye, kuma wanda bai san abin da yake so ba, ranar auna ƙwazo duk abin da ka yi bai isa ba.

Iko da kayan aiki. "Waɗanne shawarwari ne mai kujerar zai yanke da kansa, waɗanne ne sai ya kawo teburinku?" Sau da yawa suna ne ke girma, iko yana nan inda yake. Haɗa da yawan mutane da ko akwai gurabe a ƙarƙashin kujerar da ba a cike ba.

Halin shugaba. Ba a tambayar mutum halinsa kai tsaye, ba wanda zai ce maka shi mafaɗaci ne. Tambayi abin da yake yi: "In aiki ya karkace, yaya kuke so labari ya iso muku, kuma a wane mataki?" Ko: "Sau nawa kuke zama da kowane ɗaya daga cikin na ƙarƙashinku shi kaɗai?"

Miƙa aiki. Wannan ta ɗan gida ce zalla, kuma ita aka fi mantawa. "In Allah ya sa aka dace, yaya za a tsara miƙa aikin da ke hannuna? Wa zai tsayar da ranar da zan tashi gaba ɗaya?" In ba a tsayar da rana ba, za ka wayi gari da shugabanni biyu da albashi ɗaya, kowanne yana ganin kai nasa ne. Na yi wata huɗu a haka, ba na yi wa kowa fatansa.

Tsofaffin abokan aiki. In ƙarin girma ne, wasu da kuke mataki ɗaya yau za su koma ƙarƙashinka, wataƙila cikinsu akwai wanda ya nemi kujerar. Kada ka tambayi su wa suka nema, ba za a faɗa maka ba kuma zai zubar da kai. Ce: "Akwai waɗanda muke mataki ɗaya da su yanzu da za su riƙa kawo wa wannan kujerar rahoto. Yaya sashen ya saba tallafa wa wanda ya samu kansa a irin wannan yanayin?"

Giɓinka. Mutanen nan sun ga fayil ɗinka, wasunsu sun san kuskuren da ka yi shekara uku da suka wuce. Buɗe takardun auna ƙwazonka ka ga abin da aka fi maimaita maka, don su ma sun gani. Wasu na ba da shawarar a tambayi kwamiti ko suna da shakku a kanka. Ni ba na son wannan, tana sa mutane su takura, a gaban juna ba za su faɗi gaskiya ba. Na fi son: "Wane ɓangare na aikin ne kuke ganin zai fi bai wa wanda ya fito daga sashe irin nawa wahala?" Ka ba su damar faɗin damuwarsu ba tare da sun nuna ka da yatsa ba, kai kuma ka samu damar amsawa da jimla biyu.

Mataki na 7: Tace

Ɗauki kowace tambaya ka auna ta. Zan iya samun amsarta a wani wuri? In eh, cire ta. Amsarta za ta iya sa in karɓi aikin ko in ƙi? In a'a, ta ado ce, masu tantancewa kuma suna gane tambayar ado tun kafin ka rufe baki. Tana tona wanda ya ba ni labari? In sashen mutum biyar ne ka ce "na ji an ce", kowa ya san wa ya ce, ka jefa wanda ya taimake ka cikin matsala. Mayar da ita kan abin da ka gani da idonka, in ba ta mayuwa ka bar ta. Na ƙarshe: in ban samu aikin ba, na haɗu da mutumin nan ranar Litinin, zan sunkuyar da kai saboda ita?

Abin da ya tsira, zaɓi uku na gaba da biyu na ajiya. Na ajiyar suna da amfani don sau da yawa ana amsa wasu tambayoyinka a tsakiyar hira. Sa wadda ta fi muhimmanci a farko, don ba ka san ko za a bar ka ka kai ta uku ba. Kuma kowace tambaya ta zama ɗaya tak. Mai cusa tambaya uku cikin numfashi guda, mafi sauƙin cikinsu za a amsa masa a bar sauran.

Mataki na 8: Maganar kuɗi

Kada ta shiga cikin ukun farko. Matakin albashi ka riga ka ji shi a mataki na 3. Cinikin kansa kuwa sai an ce kai aka zaɓa, lokacin ne maganarka ke da nauyi. Amma kada kunya ta sa ka bar shi gaba ɗaya, wai kai ɗan gida. Wani malami a makarantar kasuwanci ta Wharton a Amurka, Matthew Bidwell, ya fitar da bincike a 2011 kan ma'aikatan wani kamfanin hada-hadar kuɗi, ya gano waɗanda aka ɗauko daga waje ana biyansu kusan kashi 18 cikin ɗari sama da 'yan gidan da aka ɗaga zuwa irin kujerun, alhali a shekaru biyun farko 'yan gidan sun fi su samun maki a auna ƙwazo. Kamfani ɗaya ne, ba lallai haka yake ko'ina ba, amma ya isa ya nuna maka ɗan gida ba alfarma ake masa ba.

Ajiye waɗannan a wani shafi daban don ranar tayi: a wane matsayi cikin matakin za a ajiye ni, alawus ɗin da nake karɓa yanzu zai bi ni ko na tsohuwar kujera ne, yaushe sabon albashi zai fara. Duk abin da aka amince, a rubuce. "Za mu duba bayan wata shida" da baki cinikin biri a sama ne, musamman in wanda ya faɗa ya tashi kafin lokacin.

Mataki na 9: Gwada da baki

Tambayar da ta yi kyau a takarda tana iya fita da kaifi a baki. Karanta wa amininka su da murya, ka ce ya gaya maka wadda ta yi kama da zargi da wadda ta yi tsawo. In babu wanda ka yarda da shi, ɗauki muryarka a waya ka saurara washegari. Sannan ka kwafe biyar ɗin a katin, kalma uku ko huɗu ga kowace, ba cikakkiyar jimla ba, don kada ka koma karatu. In ta bidiyo za a yi intabiyun, liƙa katin kusa da kyamara yadda idonka ba zai riƙa sauka ƙasa ba.

Mataki na 10: A cikin ɗakin

Fito da katin a fili, ba abin kunya ba ne. Mu da ke gefen teburin daɗi muke ji in mun ga mutum ya zo da shiri. In an riga an amsa wata, faɗi haka: "Ina da tambaya kan miƙa aiki, amma Hajiya ta riga ta amsa ta ɗazu." Sai ka wuce ta gaba.

Sabo shi ne tarkon ɗan gida a nan. Ko da wanda ke gabanka abokin wasanka ne, yau a kujerar alƙali yake, akwai takardar maki a gabansa da zai cike kamar yadda zai cike wa kowa. Kira shi yadda ake kiransa a taro. In kuma shugabanka na yanzu yana cikin kwamitin, cire duk tambayar da za ta yi kama da kwatanta sashen biyu, ka bar ta miƙa aiki, don a gabansa ta fi amfani: duk ranar da aka ambata, da shaidu.

In ka yi tambaya, yi shiru ka saurara har a gama. Lura da abin da ke faruwa kafin amsar. In suka kalli juna kowa na jiran wani ya fara, wurin akwai magana. In biyu suka ba ka amsa mabambanta kan wanda za ka riƙa kai wa rahoto, rubuta wannan da manyan baƙi. In aka ce "ya danganta", bi da tambaya ɗaya cikin ladabi: "Ko za ku ba ni misalin yadda aka yi a karo na baya?" Sau ɗaya kawai. In aka sake kaucewa, kaucewar ita ce amsarka, kada ka matsa.

In lokaci ya ƙure aka ce tambaya ɗaya za ka yi, yi ta ma'aunin nasara, sannan ka nemi izinin aiko da sauran a rubuce ko ka samu shugaban sashen na minti goma wata rana. Kafin ka tashi, tambayi lokacin da za a ji sakamako da wanda zai sanar da shugabanka.

Mataki na 11: Bayan an fito

Kada ka koma teburinka kai tsaye, za a tare ka da "Yaya aka yi?" Samu wuri ka zauna minti goma, ka rubuta amsoshin a littafinka da kalmomin da aka faɗe su, da sunan wanda ya faɗa, da kwanan wata. Sannan ka koma shafin farko, layin da ka rubuta dalilin son tashinka, ka ga ko abin da ka ji ya warware shi. In bai warware ba, kana da damar cewa a'a ko da an ba ka, amma ka faɗa da wuri kuma da bakinka.

Aika gajeren saƙon godiya a ranar. In ba a ɗauke ka ba, bari kwana biyu ko uku zuciya ta huce, sannan ka nemi shugaban sashen ya gaya maka abu ɗaya da za ka ƙara kafin gurbi na gaba. Ɗan gida yana da wannan damar, na waje da wuya ya same ta.

In kuma an ɗauke ka, kada ka yar da littafin. A canjina na ƙarshe, da aka zauna auna ƙwazona na wata shida, shugabata ta fara kawo wasu abubuwa da ba mu taɓa magana a kansu ba. Na buɗe shafin na ce, "Ranki ya daɗe, ranar intabiyu na tambaye ki abin da za ki gani bayan wata shida, kika ce abu biyu. Ga su nan." Ta karɓi littafin ta karanta, ta yi dariya ta ce, "Ashe ka rubuta." Da waɗannan biyun aka auna ni, sauran muka sa su cikin na wata shida masu zuwa.